Masu Sauraren Dolfin, da Rabon Ɗan Falgore a Wannan Sana'a

Ruwan da ya sauka a ƙasar Ƙaraye ya gangara Kogin Challawa ba ya taɓa ganin teku, domin bayan ya yada zango a babbar madatsar nan da aka gina tsakanin 1990 da 1992, sai ya gamu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗejiya, su ratsa fadamun Haɗejiya da Nguru, sa'an nan abin da ya tsira daga rana da yashi da masu noman rani ya bi Komadugu Yobe ya ƙare a Tafkin Chadi. Saboda haka babu mamaki idan yaron da ya tashi a Falgore ta ƙasar Rogo (ba dajin nan na wajen Doguwa nake nufi ba), wanda ke da tafiyar kimanin kilomita 1,000 tsakaninsa da gaɓar teku, ya gama sakandare da kyakkyawan sakamako a ilmin halittu, amma bai san wata ƙofa da wannan ilmi ke buɗewa ba sai ta likita da ta aikin jinya da ta malanta. Alhali kuwa akwai mutane a duniya, maza da mata, waɗanda abincinsu da sunansu da darajarsu duka sun rataya ne a kan sauraren wata dabbar teku da ake kira dolfin, da rubuta abin da suka ji, shekara bayan shekara, har gashin kansu ya yi fari. Sana'arsu nake son in bayyana wa mai karatu, in kuma nuna cewa nisan teku bai isa hujjar da za ta hana ɗanmu shigarta ba.

Dolfin tana da siffar kifi, amma a haƙiƙa ƴar'uwar saniya ce a wajen halitta, gama jininta ɗumi gare shi, da huhu take numfashi ta wata kafa da ke tsakar kanta, tana ɗaukar ciki kimanin wata 12, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi nono, ya kuma bi ta shekara uku zuwa shida kafin ya kama gabansa. Jinsinta sun kusa 40. Idan za ta yi barci, rabin ƙwaƙwalwarta ke hutawa, rabin yana farke, don kada ta manta da tasowa shan iska ta nutse. Magabata ba su jahilce ta ba. Shaihu Kamaluddin Addamiri, malamin Masar da ya rasu a 1405, ya ba ta babi a littafinsa Hayatul Hayawan, inda ya ambaci shuhurarta da ceton wanda ruwa ya ci. Kuma tun kafinsa da ƙarnoni masu yawa Aristotal na Yunan ya tabbatar da cewa tana haihuwa tana shayarwa, har ya ruwaito cewa masuntan zamaninsa sukan tsaga wutsiyar wadda suka kama su sake ta, domin in sun sake gamuwa da ita su san shekarun da ta yi. Wannan dabara ta masunta, watau gane dabba guda daga cikin dubu da bin rayuwarta, ita ce har yau ginshiƙin sana'ar gaba ɗaya, sai dai kyamara ta maye gurbin wuƙa: a 1977 Bernd Würsig da matarsa Melany suka nuna daga gaɓar Ajantina cewa fiffiken gadon bayan kowace dolfin yana da nasa tabo da nasa giɓi, ta yadda hoto kaɗai ya isa shaida.

Dalilin da ya sa sauraro ya fi kallo muhimmanci a wannan fanni shi ne cewa haske ba ya nisa a cikin ruwa, amma sauti yana gudun kimanin mita 1,500 a sakan ɗaya, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Allah cikin hikimarsa ya sanya wa dolfin wani dunƙulen kitse a goshi wanda take harba ƙara da shi, ƙyas-ƙyas a jere da sauri, ƙarar ta bugi abin da ke gabanta ta dawo, ta karɓe ta da muƙamuƙinta na ƙasa, daga nan ta san girman abin da nisansa da taurinsa ko da cikin duhu ne ko cikin laka. Kenneth Norris ya tabbatar da haka a 1961, sa'ad da ya rufe idanun wata dolfin, ta kuwa ratsa tsakanin sandunan da aka jera mata ba ta taɓa ko ɗaya ba. Kunnenta yana kama sautin da ya kai kilohaz 150, alhali namu yana tsayawa a wajen 20, wanda ke nufin cewa da yawa daga abin da take furtawa ba ma jin sa sam sai da na'ura.

Amma mas'alar da ta fi jan hankalin malamai, wadda kuma ta cancanci mu daɗe a kanta, ita ce ta fito. A 1965 David Caldwell da matarsa Melba suka lura cewa duk dolfin da aka keɓe ita kaɗai takan maimaita wani fito guda, mai hawa da sauka irin nasa, wanda ya saɓa da na kowace ƴar'uwarta, kuma daga baya aka gane cewa tun a shekararta ta farko take ƙago shi ta riƙe shi har mutuwa. Abin ya yi kama da taken da makaɗi ke buga wa mutum, wanda ko ba a ambaci suna ba, duk mai kunne a garin ya san da wa ake, mai taken kuma in ya ji sai ya miƙe. Sai dai zato daban, yaƙini daban, kuma mai shakka yana iya cewa muryar ƴar'uwarta kawai take ganewa, yadda kowace dabba ke gane muryar uwarta. Shekara 41 aka yi kafin a warware wannan shubuha. A 2006 Vincent Janik da Laela Sayigh da Randall Wells suka sa kwamfuta ta kwaikwayi fiton, hawa da saukarsa kaɗai, babu muryar kowa a ciki, suka saka wa dolfin 14 a ruwan Sarasota ta jihar Fulorida, tara daga cikinsu suka fi waiwayawa idan fiton na danginsu ne na kusa. A 2013 Stephanie King da Janik suka nuna a gaɓar Sikotilan cewa in aka saka wa dolfin kwafin fitonta sai ta amsa, in na baƙuwa ne ta yi shiru. A wannan shekarar ta 2013 kuma Jason Bruck ya samu wadda ta gane fiton abokiyar zamanta bayan rabuwar fiye da shekara 20. A 2023 Sayigh ta sake fitowa da wani abu mai taɓa zuciya, daga faifan uwaye 19 da aka tara cikin shekaru fiye da 30, cewa uwa takan ɗaga muryar fitonta ta sirantar da shi idan ɗanta yana kusa.

Wajibi ne a nan in ja hankalin mai karatu ga iyakar abin da ya tabbata, domin jaridu da finafinai sun cika duniya da cewa dolfin tana da harshe irin na ɗan Adam. Wani likitan Amurka mai suna John Lilly ya yi wannan da'awa a shekarun 1960, har ya yi ƙoƙarin koya musu Turanci, ya samu suna da kuɗi na ɗan lokaci, amma gaggawarsa ta jawo wa fannin raini wanda aka daɗe ana wankewa. Louis Herman ya nuna a Hawai cewa dolfin da aka horar tana bambance umarni biyu masu kalmomi iri ɗaya idan an sauya jerinsu, wannan kuwa hazaƙa ce babba; amma har yau babu wanda ya kawo dalili yankakke cewa a cikin teku, tsakaninsu, suna da nahawu da jimla. Mu da muka yi imani cewa an sanar da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, zancen tsuntsaye har ya ji maganar tururuwa, mun san wannan mu'ujiza ce da aka ba shi kyauta. Sauran bayi kuwa ba su da hanya sai ta juriya da ƙididdiga da tawali'un cewa iyakar abin da hujja ta kai ke nan. A ganina malamin da ya faɗi kaɗan da isnadi ya fi wanda ya faɗi da yawa da shaci-faɗi, kuma tarihin wannan fanni ya goyi bayan haka.

Dubi Randall Wells ɗin da na ambata. Yana ɗan sakandare mai shekara 16 ya shiga aikin Sarasota a 1970, a matsayin yaron da ke taimakon Blair Irvine a cikin jirgi, kuma bai bar wannan ruwa ba har ya zama shugaban aikin, wanda a yau shi ne nazarin dolfin na daji mafi daɗewa a duniya. Sun san dolfin kimanin 170 da ke zaune a wurin ɗaya bayan ɗaya, uwa da ɗiya da jika, har sun bi wata mai suna Nicklo ta kai shekara 67. Denise Herzing ta fara nata a tsibiran Bahamas a 1985, tana nutso da kyamara kowace bazara, kuma sa'ad da kamfanin Google ya fito da manhajar DolphinGemma a 2025 domin neman tsari a cikin sautukan dolfin, faifan da ta tara cikin shekara 40 ne aka ciyar da manhajar da su, wanda ke nuna cewa na'ura komai wayonta ba ta da abin nazari sai abin da mai haƙuri ya tara mata. A Shark Bay ta Ostareliya, inda Richard Connor da Rachel Smolker suka fara a 1982, Janet Mann ta bi sahu a 1988, an gano cewa maza biyu ko uku sukan ƙulla ƙawance na shekaru, ƙawancen ya shiga cikin wani babba, babban ya shiga wani; an kuma ga waɗansu mata suna sanya soson teku a baki don kare shi sa'ad da suke tonon abinci a ƙasan ruwa, sana'ar da ɗiya ke koya wajen uwarta. Mai karatu ya lura da yawan mata a cikin waɗannan sunaye, domin zan koma kan wannan.

Yaya yinin mai wannan aiki yake? Da asuba yake fita cikin ƙaramin jirgi mai inji, da kyamara da littafi da makirfon da ake zurawa cikin ruwa, ya bi hanyar da aka shata, wata rana ya gamu da garke, wata rana ya dawo ba tare da ya ga ko fiffike ɗaya ba, rana ta gasa shi, igiyar ruwa ta juya masa ciki. In ya gamu da su sai ya rubuta lokaci da wuri da adadi, da wa ke kusa da wa, da abin da kowa ke yi. Amma wannan shi ne ɓangare mafi ƙanƙanta na shekara. Sauran watannin a gaban kwamfuta ake yin su, ana gwada hoto da hoto, ana mayar da sauti zane domin ido ya ga abin da kunne ya kasa ji, ana lissafi, ana rubuta maƙala da takardun neman tallafi. Saboda haka wanda ya ƙi lissafi da fizis ba zai yi nisa ba ko da ya fi kowa son dabbobi, kuma sana'ar tana da gurbin likitan dabbobi da injiniyan sauti da masanin kwamfuta da matuƙin jirgi. Ba zan ɓoye wa iyaye ba: guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma ba a tara dukiya a nan. Abin da ke ciyar da yawancinsu shi ne koyarwa a jami'a, ko aikin cibiyar bincike ta gwamnati, ko aikin sa ido a jiragen da ke binciken mai a teku, inda ake ɗaukar masani ya tsaya yana duban ruwa domin a dakatar da harba ƙara in dolfin ko kifin whale ya matso.

To, ina rabonmu? Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, kuma a ruwan wannan gaɓa akwai wata dolfin mai ɗan tozo a baya, wadda malamai ke kira Sousa teuszii, wadda ba a samunta ko'ina a duniya sai tsakanin Yammacin Sahara da Angola. Daga ƙoƙon kan da aka tsinta a Kamaru aka fara bayyana ta a 1892. A 2017 ƙungiyar IUCN ta sanya ta cikin halittun da ke bakin ƙarewa, bisa ƙiyasin cewa waɗanda suka rage ba su kai 3,000 ba, domin a ruwa marar zurfi take zama, daidai inda masunta ke shimfiɗa raga, kuma wadda ta faɗa ragar sai ta zama nama ko abin ɗana wa kifin shak. Abin baƙin ciki ne cewa dolfin ta Fulorida an san sunanta da na kakarta, ta ƙasarmu kuwa yawancin shaidar zamanta daga gawa aka samo ta, irin waɗanda aka gani a tsibirin Brass na jihar Bayelsa. Wanda yake ganin ƙarewar halitta zance ne na nesa ya tuna da dolfin ɗin Kogin Yanzi ta ƙasar Sin, wadda aka fita nemanta makonni shida a 2006 ba a ga ko ɗaya ba. Kuma ba tilas ne masunci da dolfin su zama abokan gaba ba, gama a gaɓar Muritaniya an rubuta yadda masuntan Imragen ke bugun ruwa da sanda, dolfin su koro musu kifi cikin raga, kowa ya samu rabonsa.

Kusa da gida kuma akwai ayu, wanda Bahaushe ya fi sani da mansa da abin da masu magani ke faɗa a kansa, alhali dabba ce mai shayarwa da ke kiwon ciyawa a Kwara da Binuwai, wadda dokar ƙasa ta hana farautarta tun 1985. Shi ma yana da kira, uwa da ɗa suna neman juna da shi cikin ruwa mai duhu, amma sai a 2021 aka fara wallafa bayanin kukan ayun Afirka, daga faifan da aka ɗauka a Tafkin Ossa na Kamaru. A tafkin nan ne Aristide Takoukam Kamla yake aiki, mutumin da ya yi karatunsa na farko a Jami'ar Dschang da ke kan duwatsu nesa da teku, ya kafa ƙungiyar kare dabbobin ruwa a ƙasarsa, ya kuma yi digirin digirgir a Fulorida, har aka ba shi lambar yabo ta Whitley a 2024. Maƙwabcinmu ne, kuma hanyar da ya bi a buɗe take.

Akwai kuma wata hujja da ta fi waɗannan kusa, wadda take kwance a kan tiren mai sayar da kifi. Yauni, kifin nan dogo marar fiffiken wutsiya da ake kamawa a Kwara da Binuwai da Chadi, shi ne ya buɗe wa duniya wani babi na ilmi da ba a san da shi ba, sa'ad da Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano a 1951 cewa yana fitar da lantarki mai rauni ba dare ba rana, kimanin bugu 300 a sakan, daga baya kuma ya tabbatar cewa da wannan lantarki yake gane abin da ke kewaye da shi. Ba irin na minjirya ba ne mai girgiza hannu, wannan ba a jin sa sai da na'ura. Miligi da danginsa su ma haka suke, kuma Carl Hopkins ya nuna a kogunan Gabon cewa da siffar bugun lantarkin namiji ke gane macen jinsinsa. Ƙurungu kuwa kowane masunci ya san kukan da yake yi da ƙayarsa in an ɗago shi. Watau tambayoyin da ake yi wa dolfin, wa ke magana, da wa yake yi, me yake nufi, ana iya yi wa kifin kogunanmu, da waya biyu da ƴar na'urar ƙara sauti wadda mai gyaran rediyo zai iya haɗawa. Magabatanmu na kusa sun fara wannan aiki, domin littafin kifayen Arewa da Ma'aikatar Gona ta fitar a 1967 yana ɗauke da sunan Ibrahim Yaro tare da na William Reed da abokansa, kuma har yau ɗalibai suna komawa gare shi. Malamin ilmin halittu a Rogo ko Ƙaraye da zai kai ɗalibansa mashayar da masunta ke sauke kifi, da izinin Sarkin Ruwa, su buɗe littafi guda su riƙa rubuta kwanan wata da sunan kifi da tsawonsa da abin da dattawan masunta suka sani game da shi, ajin bana ya miƙa wa na baɗi, haƙiƙa ya koya musu asalin sana'ar Wells, ko da ba su taɓa ganin dolfin ba.

Matakan karatun kuwa sanannu ne. Ɗalibi ya riƙe ilmin halittu da kemistiri da fizis da lissafi da Turanci, ya koyi iyo a hannun wanda ya iya, ya nemi sashen dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko sashen kifi a Jami'ar Bayero, ko kuma in hali ya yi ya wuce kai tsaye sashen nazarin teku a Jami'ar Legas ko ta Kalaba. Lokacin koyon aiki ya nemi cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa, wadda ta samo asali daga aikin Tafkin Kainji na 1968, ko cibiyar nazarin teku ta NIOMR da aka kafa a Legas a 1975. Bayan digiri na biyu sai ya rubuta wa malaman da ke wannan fanni a waje, irin na Jami'ar St Andrews inda Janik yake, yana mai nuna musu littafin abin da ya tara da hannunsa, gama wannan ya fi dogon roƙo tasiri. Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023, buƙatar masu wannan ilmi za ta ƙaru, kuma tekun Nijeriya na ɗan Kano ne kamar yadda yake na ɗan Bayelsa.

Ni dai ina ganin sanin halittun da aka ba mu amanarsu yana cikin farillan kifaya, waɗanda in babu ko mutum ɗaya da ya tsaya musu, laifin ya hau kan jama'a duka. Don haka ina kira ga Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kano da ta sanya nazarin teku da na dabbobin ruwa cikin fannonin da take ɗaukar nauyi, ina kuma kira ga masu hali na Rogo da Ƙaraye su ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu, mace ko namiji, su biya musu kuɗin mota da masauki na wata shida a New Bussa ko Legas. Iyayen ƴaƴa mata kada su ce wannan ba nasu ba ne, ga Melba Caldwell da Sayigh da Herzing da Mann da King sun isa shaida. Wanda ke aji huɗu na sakandare a bana yana buƙatar kimanin shekara 15 kafin ya zama cikakken masani, dolfin mai tozo kuwa raga tana cin ta kowace shekara, saboda haka a bana ya kamata a fara.